Yadda Ake Gyara Shafi da Littafin Jagorar Buɗaɗɗiyar Manhaja: Misalin ODK a Kano

Duk matashin da ya taɓa yin aikin tattara bayanai a Kano, ko na rigakafin foliyo ne, ko rabon gidan sauro, ko ƙirgen magidanta na wata ƙungiya, da wuya a ce bai taɓa riƙe waya mai ɗauke da ODK Collect ko KoboCollect ba. Akan tara mutane a ba su horo na kwana 2 ko 3, a ɗora musu fom a waya, a ce kowa ya shiga unguwa. Matsala takan fara ne bayan an watse daga wajen horon. Fom ya ƙi tafiya, ko maɓallin da aka nuna a takarda babu shi a fuskar waya, ga mutum tsaye a ƙofar gidan jama'a a Panshekara ba shi da wanda zai tambaya. Idan ya shiga intanet neman mafita, abin da zai tarar dogon bayani ne da Turanci, wani ma tun shekarun baya aka rubuta shi.

Abin da ya rasa a wannan lokacin shi ne littafin jagora mai kyau, wato rubutun da ke koya wa mutum yadda zai sauke manhaja, ya saita ta, ya yi aiki da ita, ya kuma warware matsala idan ta taso. Mutane da yawa ba su san cewa littafin jagorar irin waɗannan manhajoji a buɗe yake ga kowa ba. Mai wayar Android da ɗan data zai iya gyara shi, in masu kula da manhajar suka amince, gyaran nasa ya isa ga duk wanda ya buɗe shafin a ko'ina a duniya.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja da kod aka gina ta, wato umarnin da masu rubuta manhaja ke tsarawa domin kwamfuta ko waya ta bi. Kamfanoni da yawa suna ɓoye nasu kod ɗin. Mutum zai yi amfani da WhatsApp iya son ransa, amma ba zai ga yadda aka ɗinka ta ba, balle ya sauya wani abu a ciki. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa ana ajiye kod ɗinta a fili, tare da lasisin da ya ba kowa izinin karantawa, gyarawa da rabawa. Firefox, VLC, WordPress, Linux da MediaWiki da ke ɗauke da Wikipedia duk 'yan wannan gida ne.

ODK ma haka take. An fara ta a 2008 a birnin Seattle a Amurka, ƙarƙashin Farfesa Gaetano Borriello na Jami'ar Washington da ɗalibansa, cikinsu har da Carl Hartung da Yaw Anokwa, ɗan asalin Ghana. Manufarsu ita ce a maye gurbin fom na takarda da waya, a wuraren da babu tabbacin samun sabis. Shi ya sa ODK Collect take aiki ko babu intanet: mutum ya cike fom, ya ɗauki hoto, ya ɗauki wurin da yake ta GPS, komai ya zauna a waya har sai an samu sabis a tura. KoboCollect kuma daga kod ɗin ODK Collect aka ciro ta, shi ya sa wanda ya iya ɗaya ba ya shan wahalar ɗayar.

Kano na cikin wuraren da aka ga amfanin wannan fasaha da ido. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, masu sa ido da masu duba aikin rigakafi sun riƙa tura rahoto ta ODK. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 kuma take da babban ofishi a Kano, ta yi aiki da irin waɗannan kayan aiki, ta kuma ajiye wasu manhajojinta a buɗe a GitHub, kamar Aether da Gather. A watan Yulin 2014 aka samu yaro na ƙarshe da ƙwayar foliyo ta daji ta kama a Jihar Kano, a Ƙaramar Hukumar Sumaila, sannan ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ita. Manhajar da ta taimaka a wannan aiki har yau tana hannun matasan Kano, amma ƙalilan ne daga cikinsu suka taɓa leƙa inda ake rubuta jagorarta.

Abin da ke lalata littafin jagora

A 2017 kamfanin GitHub ya yi bincike a kan masu hulɗa da buɗaɗɗun manhajoji. Kashi 93 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce sun ci karo da jagora maras cika ko wadda ta tsufa, kuma kashi 60 cikin 100 na masu ba da gudummawa sun ce da wuya su taɓa rubutun jagora, wasu ma ba su taɓa yi ba. Dalilin a bayyane yake. Wanda ya rubuta kod ya riga ya san yadda manhajar take, saboda haka ba ya ganin inda baƙo zai yi tuntuɓe. Sannan manhaja tana canzawa duk bayan 'yan watanni, rubutu kuwa yana nan inda aka bar shi sai wani ya tuna da shi.

Tarihin ODK kansa ya isa misali. A da, shafinta yana opendatakit.org, a 2020 aka koma getodk.org. Babbar kwamfutar da ke karɓar fom ɗin da aka tura, wadda ake kira uwar garke, a da manhajar ODK Aggregate ce ke tafiyar da ita. Yanzu an daina sabunta Aggregate, ODK Central ta maye gurbinta. A 2023 kuma aka sauya fuskar farko ta ODK Collect. Maɓallin da aka sani da Fill Blank Form ya koma Start new form, Edit Saved Form ya koma Drafts, Send Finalized Form ya koma Ready to send.

Littafin jagorar ODK na hukuma yana bin waɗannan sauye-sauye. Amma takardun horo da ake kwafa daga aiki zuwa aiki, da bidiyoyin YouTube, da fayilolin PDF da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp, da yawansu suna nuna tsohuwar fuska. Sabon ma'aikaci zai yi ta neman Send Finalized Form a wayarsa bai gani ba, ya ɗauka ya tura aikinsa alhali fom 30 na kwance a Drafts. Ƙarshenta a ce bai yi aiki ba a riƙe masa alawus, ko kuma a yanke hukunci a kan unguwa guda da bayanan da ba su cika ba.

Bayani kala huɗu ne, kada a cakuɗa su

Kafin a taɓa ko harafi ɗaya, ya kamata a san irin rubutun da ake gyarawa. Wani masani mai suna Daniele Procida ya tsara wata hanya da ake kira Diátaxis, wadda kamfanin Canonical mai yin Ubuntu ya ɗauka domin jagororinsa. Hanyar ta raba littafin jagora gida 4.

Na farko shi ne darasin ɗan koyo. Wannan na wanda bai taɓa buɗe manhajar ba ne. Ana kama hannunsa daga farko zuwa ƙarshe a kan aiki ɗaya tak: ya sauke ODK Collect daga Play Store, ya haɗa ta da uwar garke, ya cike fom na gwaji, ya tura, ya ga ya tafi. A nan ba a ba shi zaɓi, ba a kuma tsaya yi masa tarihi.

Na biyu shi ne amsar “yaya ake yi?” Wannan na wanda ya riga ya fara aiki ne amma ya maƙale. Yaya ake gyara fom kafin a tura? Me za a yi idan GPS ya ƙi kamawa a cikin ɗaki mai rufin kwano? Kowace tambaya da shafinta, kanun shafin kuma ya zama da kalmomin da mai matsalar zai rubuta a Google.

Na uku shi ne ma'ajiyar bayanai, kamar ƙamus. Ga mai tsara fom da XLSForm, wato tsarin da ake rubuta fom ɗin ODK a Excel ko Google Sheets, nan ne zai duba sunan kowane nau'in tambaya: text na rubutu, integer na lamba, select_one na zaɓi ɗaya, geopoint na wuri. Ba a karanta wannan daga farko zuwa ƙarshe, leƙawa ake yi a fita.

Na huɗu shi ne fashin baƙi, inda ake bayanin dalili. Me ya sa fom ke zama a waya kafin ya tafi? Me ya bambanta fom ɗin da ke Drafts da wanda aka kammala?

Yawancin takardun horo da ba sa amfani, cakuɗa waɗannan suka yi. Ana tsakiyar koya wa ɗan koyo danna maɓalli sai a kawo masa jadawalin nau'in tambayoyi 20. Sau da yawa gyara mafi amfani shi ne a raba dogon shafi gida biyu ko uku, kowanne ya yi aiki ɗaya.

Shafin da zai buɗu a wayar Panshekara

Masu gina shafukan manhaja da yawa suna aiki ne da babbar kwamfuta da intanet mai gudu. Mai karatu a Panshekara, ko ma'aikacin da ya fito hutun rabin awa daga masana'anta a Challawa ko Sharada, da ƙaramar waya zai buɗe shafin, da datar da ya saya da kuɗinsa, wataƙila da caji kashi 15. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, don haka kowane megabait yana da daraja.

Hotuna ne suka fi cin data a shafukan jagora. A ɗauka shafi yana da hoton fuskar waya guda 8, kowanne 1.5MB. Jimilla 12MB ke nan domin karanta bayani ɗaya. Idan aka rage girmansu aka mayar da su tsarin WebP, kowanne ya dawo 80KB, duka za su tsaya a 640KB, kuma idon mai karatu ba zai ga bambanci ba a ƙaramin allo. Manhajar Squoosh, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, tana yin wannan aiki a cikin burauza, ko a waya.

Akwai kuma hanyar auna shafi kyauta. A shiga pagespeed.web.dev, a liƙa adireshin shafin, a duba sakamakon ɓangaren waya. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sakamakon yana lissafo abin da ke jawo nauyi ɗaya bayan ɗaya, kuma ko wanda bai iya kod ba zai iya ɗaukar wannan lissafi ya kai wa masu kula da shafin.

Sauran abubuwan dubawa ido kawai suke buƙata. Shin jadawali yana fita daga gefen allo har sai an ja shi hagu da dama? Mahaɗa biyu sun matse juna har yatsa yana danna wadda ba a nufa ba? Akwai mahaɗar da ke kai mutum shafin da ya mutu? Shafin farko ya faɗi abin da manhajar take yi a jimla 2, da inda za a danna a sauke ta, ko sai an gangara can ƙasa? An rubuta zubin manhajar da bayanin ya shafa?

Sai batun karatu babu intanet. Manhajar da aka gina domin wurin da babu sabis, bai kamata jagorarta ta dogara da sabis ba. Sphinx, wadda da ita ake gina littafin jagorar ODK, tana iya fitar da rubutu ɗaya a matsayin shafin intanet, PDF ko EPUB. Gajeren PDF mai shafi 4 da ke ɗauke da matsalolin da aka fi cin karo da su zai zagaye tawaga guda ta Xender ba tare da an kashe ko kobo ba. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta kwanan wata da zubin manhaja a samansa, domin kada shi ma ya zama tsohon PDF mai ɓatar da mutane nan da shekara 2.

Inda Bahaushe ya fi kowa amfani

Akwai matsalolin da injiniya a Seattle ko Balin ba zai taɓa gani ba, domin ba ya karanta Hausa. Babbar cikinsu ita ce haruffa masu lanƙwasa. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ƙ tana U+0199, ƴ da ake amfani da ita a Nijar tana U+01B4, manyan Ɓ, Ɗ da Ƙ kuma suna U+0181, U+018A da U+0198. Duk waɗannan rukuni ɗaya suke. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna U+0253 da U+0257, a wani rukuni daban da aka ware wa alamomin masana furuci. Wannan ne ya sa wani zanen haruffa, wanda masana ke kira font, zai nuna ƙ daidai amma ya kasa nuna ɗ. Sai burauza ta aro harafin daga wani zanen, ya fito a karkace ko ya fi sauran girma, wani lokacin ma akwati ne zai fito a gurbinsa.

Gwajin ba shi da wuya. A sa jimla irin wannan a shafin: “Ɓarawo ya ɗauke ƙwarya ya ɓuya, Ɗanladi da Ƙasimu sun bi shi.” Idan wani harafi ya bambanta da 'yan uwansa, zanen bai cika ba. Noto Sans na Google, da Andika da Charis na cibiyar SIL, duk suna ɗauke da haruffan Hausa kuma kyauta ne. Dole kuma shafin ya kasance a tsarin UTF-8, a kuma sa alamar lang="ha" a kansa domin burauza da injin bincike su san Hausa ce.

Matsala ta biyu tana akwatin bincike. Yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna rubutu a waya, duk da cewa Gboard yana da allon rubutun Hausa. Mutum zai rubuta “karamar hukuma” alhali a shafi “ƙaramar hukuma” aka rubuta, sai a ce masa babu sakamako. Dabarar da masu kod ke amfani da ita wajen mayar da é ta Faransanci zuwa e ba ta aiki a nan, domin a Unicode ana iya raba é gida biyu, harafi da alamar samansa, ƙ kuwa harafi ne guda da ba ya rabuwa. Sai an rubuta wa injin binciken da hannu cewa ya ɗauki ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a matsayin abu ɗaya wajen nema. Layukan kod kaɗan ne, amma sai wanda ya san matsalar zai nemi a yi.

Ta uku ita ce daidaita kalmomi. Idan shafi na 1 ya ce “tura fom”, na 2 ya ce “aika fom”, na 3 ya ce “miƙa fom”, ɗan koyo zai ɗauka ayyuka 3 ne daban. Kafin a fara fassara, a zauna a rubuta ɗan ƙamus na kalmomi 30 ko 40 da za a riƙa maimaitawa, kowa ya bi shi. Sannan idan maɓallin da ke wayar da Turanci yake, a bar sunansa yadda yake a cikin bayanin Hausa: “a danna Ready to send”. Fassara sunan maɓallin da mutum ba zai gani a allonsa ba ɓatarwa ce.

Shi kansa fom ɗin ana iya sa masa Hausa. A XLSForm, idan aka ƙara layin tsaye mai kanun label::Hausa (ha) kusa da na Turanci, ma'aikaci zai iya sauya harshen tambayoyi a cikin ODK Collect. Amfanin wannan babba ne. Idan matasa 10 suka fita tambayar magidanta a kan ruwan rijiyoyin da ke kusa da Kogin Challawa, inda ruwan masana'antun jima ya daɗe yana damun mazauna, kuma kowannensu yana fassara tambayar da ka a bakin ƙofa, tambayoyi 10 daban aka yi. Fassara ɗaya da aka tantance ita ke sa amsoshin su haɗu. Kalmomin manhajar kanta, irin su sunayen maɓallai, ana fassara su ne a dandalin Transifex, kuma 'yan sa-kai ne ke yi.

Akwai shaidar cewa irin wannan aiki yana buɗe ƙofa. A shirin Common Voice na Mozilla, inda ake tara muryoyi domin koya wa kwamfuta jin magana, ba a buɗe wa harshe fili sai an fassara shafin shirin a dandalin Pontoon an kuma tara jimlolin karantawa. 'Yan sa-kai sun yi wa Hausa wannan hidima, kuma a Yulin 2021 ta shiga cikin sababbin harsuna 16 da aka fitar da muryoyinsu.

Yadda ake tura gyara daga waya

Littafin jagorar ODK yana docs.getodk.org, asalin rubutunsa kuma yana GitHub a ma'ajiyar getodk/docs. Fayilolin rubutu ne zalla a tsarin reStructuredText, ɗan uwan Markdown da yawancin ayyuka ke amfani da shi. Wanda ya iya sa tauraro a gefen kalma a WhatsApp domin ta yi kauri ya riga ya fahimci tunanin. Matakan kusan iri ɗaya ne a kowace manhaja da ke GitHub:

1. A buɗe asusun GitHub, kyauta ne, da imel kawai.
2. A shiga ma'ajiyar, a fara karanta fayil ɗin README da na CONTRIBUTING idan akwai. Nan masu aikin ke faɗin ƙa'idojinsu.
3. A duba sashen Issues ko wani ya riga ya kai rahoton matsalar.
4. A nemo fayil ɗin shafin da ke da kuskure, a danna alamar fensir. Idan ba ta bayyana ba, a sa burauza a yanayin Desktop site.
5. GitHub zai yi wa mutum kwafin ma'ajiyar a asusunsa. A nan zai yi gyaran, don haka babu fargabar lalata na asali.
6. A rubuta gajeren bayanin abin da aka canza da dalili, sannan a danna Create pull request, wato neman a haɗa gyaran da na asali.
7. A jira. Masu kula da aikin za su duba, wataƙila su nemi a sake wani abu. A amsa cikin ladabi, a gyara, a sake turawa.

Wanda bai shirya taɓa rubutu ba zai iya tsayawa a kai rahoto, kuma rahoto mai kyau gudummawa ce cikakkiya. Ya ƙunshi adireshin shafin, samfurin waya, zubin Android, zubin manhajar, abin da jagora ta ce zai faru, da abin da ya faru a zahiri. “Ba ya aiki” kawai ba ya taimakon kowa.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Hoton fuskar waya da za a sa a rahoto ko a jagora kada ya nuna sunan magidanci na gaske, lambar wayarsa ko wurin gidansa. A yi amfani da fom na gwaji da sunayen ƙirƙira. Haka lambar QR da ake ba ma'aikata domin haɗa ODK Collect da ODK Central: mabuɗi ce, duk wanda ya ɗauke ta da kyamara zai iya sauke fom ɗin aikin ya kuma tura bayanai. Bai kamata ta fito a hoto ko a sitatus ba. Tun Yunin 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, kuma sakaci da bayanan mutane yana iya jawo wa ma'aikaci da ƙungiyarsa hukunci.

Abin da ke sa a yi watsi da gyara

A Oktoban 2020 an ga darasi a kan wannan. Kamfanin DigitalOcean yana shirya Hacktoberfest duk shekara, inda a lokacin yake ba da riga ga wanda ya tura gyara 4. A wannan shekarar mutane suka yi ta tura gyaran banza, wani ya ƙara kalma ɗaya a README, wani ya sa alamar motsin rai, domin riga kawai. Masu kula da manhajoji suka cika da ƙorafi, cikin 'yan kwanaki aka sauya doka, sai aikin da ya nemi shiga ne kawai ake ƙirga gyaransa.

Masu duba gyara mutane ne masu ƙarancin lokaci, da yawansu ba a biyan su. Abin da suke so shi ne gyara ɗaya a kan matsala ɗaya, wanda aka gwada a waya aka tabbatar. Idan babban sauyi ne, kamar ƙara sashen Hausa gaba ɗaya, a fara tambaya kafin a rubuta, domin fassara tana buƙatar wanda zai riƙa sabunta ta duk lokacin da na asali ya canza. Idan suka ce ba su da halin ɗaukar nauyin, hanya ba ta toshe ba. Littafin jagorar ODK yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons da ya yarda a fassara a kuma raba, muddin an ambaci masu shi. Ana iya ɗora fassarar kyauta a GitHub Pages ko Read the Docs. Fassarar inji kuwa, ko ta Google ce ko ta manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ba a tura ta sai mutum ya bi ta jimla bayan jimla da waya a hannu yana gwada kowane mataki.

Ga masu gina tasu manhajar

Matasan Kano da ke rubuta ƙananan manhajoji, ta lissafin kayan shago ko ta rajistar ma'aikata irin wadda ƙaramar masana'anta a Bompai za ta buƙata, su ma abin ya shafe su. Da yawa suna ɗora kod a GitHub babu README, babu lasisi. A doka, kod ɗin da ba shi da lasisi ba buɗaɗɗe ba ne ko da kowa yana ganinsa, domin ba a ba kowa izinin amfani da shi ba. Fayil ɗin LICENSE mai ɗauke da MIT ko Apache 2.0, irin wanda ODK Collect ke amfani da shi, yana warware wannan cikin minti 2. README kuma ya amsa tambayoyi 5: me manhajar take yi, wa aka yi wa ita, yaya ake girka ta, yaya ake gwada ta, ina ake kai rahoton matsala. Gwajin ƙarshe shi ne a miƙa wa aboki wanda bai taɓa ganin aikin ba, a zauna a gefe a yi shiru. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, nan ne rubutun ke da rami.

Ribar da ke ciki

Duk gyaran da aka karɓa yana zama a shafin mutum na GitHub da sunansa da kwanan wata, kowa zai iya dubawa. Ga wanda ya tsaya a sakandare kuma yake neman aikin fasaha, wannan shaida ce da ba ta buƙatar sa hannun kowa. Rubutun jagora kuma sana'a ce da ake biya. Daga 2019 Google ya gudanar da shirin Season of Docs domin haɗa marubuta da buɗaɗɗun manhajoji, shirin Outreachy kuma ya riƙa biyan dala 7,000 ga masu horon wata 3 daga gida, ciki har da masu aikin jagora. A gida Najeriya akwai Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa a 2018, ta kuma yi babban taronta na farko a Legas a 2020.

Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ke da tsohuwar takardar horon ODK ko Kobo a wayarsa yana da aikin farko a hannu: ya sabunta manhajar daga Play Store, ya bi takardar mataki bayan mataki, ya rubuta duk inda abin da ke takarda ya saɓa da abin da ke allo. Idan kuskuren na takardar ne, ya gyara ya sa kwanan wata ya mayar wa guruf ɗin da ya samo ta. Idan kuma ya tarar kuskuren yana cikin jagorar hukuma, sashen Issues na getodk/docs yana buɗe dare da rana.